Babi na Biyar: Ina Wutar Ta Tsaya?

Duk wanda ya san hanyoyin rairayin da suka haɗa Guci da Dungas da Waca da Magarya ya san irin wannan tsayuwa. A-kori-kura ta yi lodin wake da riɗi, ko raken fadamun Korama, fasinja sun hau bisa kaya, ana cikin tafiya sai inji ya yi tari biyu ya yi shiru. Direba ya murza makulli, inji yana juyawa da ƙarfinsa, amma ya ƙi kamawa. Karen mota ya dira, ya ɗaga murfin gaba, ya zare wayar fulogi guda ya kara ta kusa da jikin inji, ya ce a sake murzawa. Ko ƙyas. Sai ya ɗago kai ya ce, “Maigida, babu wuta.” Har nan ba a yi kuskure ba. Kuskuren yana zuwa ne sa'ad da wani daga cikin masu leƙe zai ce ai bobin ne ya ƙone, kowa ya amince, a tare ɗan kabu-kabu a damƙa masa kuɗi ya tafi gari ya sayo sabo. Sai bayan la'asar ya dawo, a ɗaura, a murza, mota ta ci gaba da shirunta. An bar jaki ana dukan taiki. Maganar “babu wuta” tana faɗin inda ciwo ya bayyana ne kawai, ba ta faɗi inda ya samo asali ba. Wutar mota tafiya take yi daga batir zuwa fulogi, tana da zango-zango sanannu, kuma ana iya bin sawunta da ƙwan fitila guda da 'yar waya har a ga inda ta tsaya. Wanda ya sayi kaya kafin ya bi wannan sawu, caca ya yi da kuɗinsa.

Motocin da ake magana a kansu su ne tsofaffin Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda mutanen Nijar ke kira bashe, da tsofaffin Toyota Hilux da Land Cruiser masu shan fetur. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ba ta daina fitowa daga can ba sai a 2006, bayan an daɗe da daina yinta a Turai. Shi ya sa kayanta suke warwatse daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano har garejojin Damagaram. Makanikin Magarya ko na Dungas kuwa tsakanin harsuna biyu yake zaune. Wanda ya koyi aiki a Damagaram ko Maraɗi zai ce buji da bobin da delko da filatin, wanda ya koya a Kano ko Gumel ya ce fulogi da koyil da distirbuta da kwantak. Abu ɗaya ne, kuma ya kamata mai mota ya san sunayen duka, kada ya aika a sayo masa abin da bai nufa ba. Motar dizal ba ta cikin wannan babi, domin matsi ne yake kunna manta, ba tartsatsi ba.

Tsarin wutar waɗannan motoci ya girmi duk mai tuƙa su. Wani injiniya Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya tsara shi, aka fara sa shi a motocin Cadillac a 1910, kuma sunan kamfaninsa na garin Dayton, wato Delco, shi ne Faransawa suka laƙaba wa na'urar rarraba wuta har ya iso bakinmu ya zama delko. Batirin mota bolt 12 gare shi, wutar da ba ta iya tsallake ko tazarar silin gashi. Kafin tartsatsi ya yi tsalle a bakin fulogi cikin matsin silinda, sai an sami bolt dubu goma zuwa ashirin, wani lokaci fiye. Aikin bobin ke nan. A cikinsa akwai naɗin waya biyu kewaye da ƙarfe guda: mai kauri, naɗi 'yan ɗaruruwa, da siriri ƙwarai, naɗi wajen dubu ashirin. Idan filatin yana rufe, wutar batir takan bi naɗin farko ta ratsa filatin ta koma jikin mota, abin da makanikai ke kira mas, sai ƙarfen tsakiya ya zama maganaɗisu. Da ƙusurwar sandar delko ta ture filatin ya buɗe, sai wutar ta yanke, maganaɗisun ya rushe farat ɗaya, rushewar nan ta haifi babbar wuta a naɗi na biyu. Kwandansa, 'yar gwangwanin da ke liƙe jikin delko, ita ke shanye wutar da za ta yi tsalle a bakin filatin, don yankewar ta zama mai kaifi. Daga nan babbar waya ta kai wutar tsakiyar hular delko, rota ta raba wa fulogai bi da bi. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana yin wannan sau ɗari a kowace daƙiƙa. Abin riƙewa a nan guda ne: bobin ba ya ba da tartsatsi don an ba shi wuta, sai don an yanke masa ita. Lafiyayyen bobin da filatin ba ya yanke wa wuta da mataccen bobin, alamarsu ɗaya a bakin fulogi. Daga nan rudanin yake farawa, kuma daga nan kuɗin mutane suke zurarewa.

Ƙwan fitilar mota mai bolt 12, ko da na fitilar baya ne, idan aka ɗaura masa waya biyu ya zama ma'auni. A maƙala waya ɗaya jikin inji inda ƙarfe yake tas, ba fenti ba tsatsa. A buɗe makulli, a taɓa ɗaya wayar a kan ƙafar bobin da wuta ke shiga, wadda aka yi wa alamar tarawa, ko aka rubuta BAT a tsofaffin bobin na Faransa. Idan ƙwai bai kama ba, to bincike ya koma baya, bobin da delko ba su da laifi: ko kan batir ya yi farin gishiri, ko wayar mas ta saki, ko makulli ya cinye daga ciki, ko wata waya ta katse cikin rigarta. A lura kuma da ƙwan sa'ad da ake murza inji. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 9.6 ba lokacin tayarwa. Idan hasken ya kusa mutuwa, to kik, na'urar da ke murza inji, ya kwashe wutar bai bar wa bobin komai ba. Irin wannan mota ce takan ƙi makulli amma ta tashi da turi, kuma turin nan shaida ce a kan batir ko wayoyinsa.

Idan wuta tana shiga, sai a mai da wayar ƙwan kan ɗaya ƙafar, mai alamar ɗebewa ko RUP, wadda ke tafiya delko, a ce direba ya murza. A nan ƙwan yake magana dalla-dalla. Idan yana ƙyaftawa, kama-mutu kama-mutu, filatin yana aikinsa. Idan ya kama ya tsaya cak da haske, filatin ba ya rufewa yadda wuta za ta wuce: ko bakinsa ya ƙone, ko mai da ƙura sun yi masa shimfiɗa, ko 'yar wayar da ke ciki ta tsinke. Idan kuma ya ƙi kamawa sam, ko filatin ba ya buɗewa, ko wata waya ko kwandansa tana zubar da wutar a mas, ko naɗin farko na bobin ya yanke. Rabe su ba wuya. A cire wayar da ta tafi delko daga ƙafar bobin, a sake taɓawa. In ƙwai ya kama yanzu, bobin ya kuɓuta, laifin yana cikin delko. Sai a ɓalle maƙalai biyun a ɗaga hula a duba da ido: rota tana juyawa kuwa idan an murza? Filatin yana buɗewa? Lafiyayyen bakin filatin toka-toka ne, sumul. Wanda kwandansa ta ci amanarsa za a gan shi shuɗi-baƙi, gefe ɗaya ya yi ƙaramin tudu kamar ƙwayar gero, ɗaya gefen ya yi ramin da tudun ke shiga. Tazarar filatin a Peugeot 404 da 504 milimita 0.4 ce idan ya buɗe iyaka. Wanda ba shi da ma'aunin tazara ya haɗa reza huɗu sababbi, kaurinsu ke nan kusan daidai.

Sai ƙwai ya ƙyafta amma babu tartsatsi, sannan bobin ya shiga jerin waɗanda ake zargi, kuma ko a nan ba shi kaɗai ba ne. A zare babbar waya daga tsakiyar hula, a riƙe ta da busasshen kara ko filaya mai roba, a bar tazarar rabin santimita tsakaninta da jikin inji, a murza. Tartsatsi mai lafiya shuɗi ne, yana ƙara ƙas-ƙas har a ji shi. Idan siriri ne ja-ja, ga kuma wuta tana walƙiya a bakin filatin, a fara da kwandansa, wadda kuɗinta bai kai rabin na bobin ba. Idan kuwa tartsatsi yana nan da ƙarfinsa a babbar waya amma bai isa fulogi ba, to tsakanin hula da rota ya ɓace. A juya hular a kalli cikinta a rana. Akwai ɗan gawayi a tsakiya da ke zaune kan sifirin, yakan cinye ko ya maƙale. Akwai kuma wani siririn layi baƙi kamar an ja da fensir, hanyar da wuta ta haƙa wa kanta tana gudu. Ita rota takan huje ta ƙasa, wutar ta sulale cikin sandar delko, kuma ana kama ta idan aka kara babbar waya kusa da tagullarta aka ga tartsatsi ya yi tsalle ya faɗa mata. Mai cire wayoyin fulogi ya yi musu alama tukuna. Jerin wutar inji mai silinda huɗu 1-3-4-2 ne, amma Peugeot daga wajen kulocin take fara ƙidayar silinda, Toyota kuwa daga gaba, kuma yaran gareji da yawa sun wuni suna neman laifin da su suka ƙirƙira da hannunsu.

Wanda ya dubi ƙasar da motocin nan suke aiki zai gane abin da ya sa laifi ya fi zama a ƙananan wurare masu araha. Ƙurar hunturu takan shiga delko ta haɗu da maiƙo ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta rinƙa cin 'yar ƙafar filatin da ke gogar sanda. Kullum tazara tana raguwa, wuta tana makara, mota tana rasa ƙarfi a rairayi tana zafi, har ranar da filatin zai daina buɗewa gaba ɗaya. Direban zai ce ta mutu ba zato ba tsammani, alhali ta yi makonni tana faɗa masa. Da damina, raɓa da ruwan kwari su ke kwanciya cikin hula su ba wuta gajeriyar hanya. Girgizar hanya tana kwance noti tana karya waya daga ciki, rigar roba tana nan lafiya a ido. Zafin bazara yana busar da wayoyin fulogi su tsattsage, kuma wanda ya ɗaga murfin irin wannan mota da dare inji na aiki zai ga shuɗayen tartsatsi suna rawa a jikin wayoyin. Duk cikin waɗannan babu abin da sabon bobin zai gyara.

Za a ce, ai tsohon makaniki ba ya bukatar ƙwan fitila, da jin ƙarar inji ya san ciwo. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba a raina shekara talatin na riƙe sifana. Amma a lura da hannun irin wannan gwani, kada a tsaya ga bakinsa. Kafin ya yi magana ya riga ya girgiza kan batir, ya ja wayoyi, ya ɗaga hula, ya buɗe filatin da sukurdireba ya ga ko zai yi ƙyas. Gwajin nan dai yake yi, sai dai ya yi shi sau dubu har ya zama ba a ganin matakansa. Matsalar tana ga yaron da ya kwafi hukuncin bai kwafi binciken ba, ya ji maigidansa ya ce bobin sau biyu ya dace, shi ma ya mai da shi amsar kowace tambaya. Sannan gwanin yana gari, motar kuwa a daji take mutuwa, inda ba kowa sai direba da yaronsa.

Za a kuma ce canja kaya ya fi sauri, tunda motar tsohuwa ce, ko ba yau ba kayan za su mutu. Da kayan suna bakin hanya kuma da araha, da sai a yi shiru. Amma mutanen wannan yanki sun ga yadda farashin kayan Faransa ya ninka dare ɗaya da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Sun ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sun kuma ga wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da abin da ake samu a Maigatari ko Ɓaɓura cikin yini guda ya zama sai da zagaye da ƙarin kuɗi. Ban da tsada, akwai jabu. Kwalin yana ɗauke da sunan da aka sani, abin da ke ciki kuwa Allah kaɗai ya san inda aka ƙera shi, kuma ba abin mamaki ba ne sabuwar kwandansa ta fito daga kwali a mace. Wanda ya cire tsohon bobin na asali mai lafiya ya ɗaura sabon jabu ya ƙara wa motarsa ciwo na biyu bisa na farko, kuma yanzu ba shi da tabbacin komai. Ko da bobin ɗin ya ƙone da gaske, tambaya ba ta ƙare ba, domin bobin ba ya cika mutuwa haka kawai. Barin makulli a buɗe inji a kashe, ana jin rediyo ko ana cajin waya, yana dafa shi idan filatin ya tsaya a rufe. Altaneta mai cika wuta fiye da kima tana dafa shi. A motoci irin tsofaffin Toyota akwai wani farin dutse mai rage wuta da ake ɗaurawa kusa da bobin, kuma bobin da aka yi don aiki da shi, idan aka ba shi bolt 12 kai tsaye, zafi zai yi ta yi har ya mutu. Alamar mutuwar dutsen nan ma sananniya ce: mota ta kama muddin ana riƙe da makulli a wurin tayarwa, da an saki ta mutu. Direban da ke naɗa wa bobin jiƙaƙƙen tsumma kowane zango ya san yana zafi, abin da ya rage ya tambayi me ke sa shi zafin. In ba haka ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi.

Haka batun jan waya kai tsaye daga batir zuwa bobin, dabarar da kowane karen mota ya iya. A matsayin gwaji tana da kyau ƙwarai, domin idan mota ta tashi da ita an san laifin yana tsakanin batir da makulli da wayoyinsu. Tana kuma fid da mutum daga daji. Abin da ba shi da kyau shi ne a mai da ita gyara, a bar waya tsirara ba fis tana lilo kusa da kafireta wata da watanni. Wuta da fetur a wuri ɗaya suke a ƙarƙashin murfin nan. Yawancin motocin karkara da jarka ko kwalba ake zuba musu mai, ana kuma ɗura wa kafireta fetur da baki ko da murfin gora idan ta ƙi tashi. Kada a gwada tartsatsi kusa da kafireta da aka jiƙa, ko kusa da ramin fulogin da aka cire, kuma a sauke jarkar mai a nisanta ta kafin a fara. A fitar da giya, a sa wa taya dutse, a tattare hannun riga da rawani daga fanka da bel.

Ƙalubalen da ya fi nauyi shi ne na masu cewa zamanin filatin ya wuce, a sa delko na lantarki a huta. Ba na musun cewa ya fi. Ba shi da bakin da zai ƙone, ba ƙafar da ƙura za ta ci, tartsatsinsa ya fi ƙarfi, kuma masu ƙera motoci da kansu sun koma gare shi tun shekarun 1970 da 1980. Mai halin sayen na ƙwarai ya saya. Sai dai ya san abin da ya musanya. Filatin yana mutuwa a hankali, yana ba da sanarwa, kuma ana farfaɗo da shi a gindin gawo da 'yar takardar yashi da sukurdireba. Akwatin delkon lantarki lafiya lau yake har daƙiƙar da zai mutu, zafi ne babban abokin gabarsa, kuma idan ya mutu a rufe yake ruf, ba abin da za a kankare ko a ɗaure. A garin da ake samun wani a shago na gaba wannan ba komai ba ne, amma tsakanin Guci da Malawa magana ce ta kwana a hanya da kayan mutane. Ga shi kuma bai kawar da bukatar bincike ba. Har yanzu sai an tambaya ko wuta tana shiga bobin, ko ana yanke ta, ko tana isa fulogi, kuma ƙwan nan dai shi zai amsa biyun farko. Bambancin kawai, a mota mai delko na lantarki kada a bar babbar waya tana lilo nesa da mas ana murza inji, domin wutar da ta rasa wurin sauka takan koma ta kashe akwatin. Wanda ya sauya, ya nannaɗe tsohon delkonsa a tsumma ya ajiye bayan kujera.

Saura abin da ya kamata a yi tun mota tana gida. Duk sa'ad da aka canja baƙin mai, a ɗaga hular delko a share cikinta da busasshen ƙyalle, a auna tazarar filatin, a ɗiga man girisi kamar ƙwayar dawa a jikin sandar da ke ture shi, kada ya taɓa bakin. A wanke kan batir da ruwan kanwa a ɗaure shi tam, a duba wayar mas da ta haɗa inji da jikin mota. Direba, kafin ka bar tasha ranar kasuwa, nemi gwangwanin madara mai murfi ka zuba filatin guda da kwandansa da rota waɗanda ka riga ka gwada a motarka ka ga suna aiki, da takardar yashi, da reza huɗu, da ƙwan fitila mai waya biyu. Ka koya wa yaronka inda zai taɓa da shi, ƙafar shiga tukuna, sannan ƙafar fita.